Tayar fokilif, da masu yi mini dariya

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Malam ya rasa abin rubutu ne, sai tayar fokilif? A Walewale?" Alhajin Bawku zai ce albasarsa ƴan dako ke lodawa tun zamanin kakansa, kuma ba ta taɓa kai ƙara ba. Na Salaga zai tuna mana cewa goron da ya bi ta garinsu zuwa Kano a kan jakuna da kawunan mutane ya tafi, ba wanda ya nemi mai faci. Na Yendi ba zai ce uffan ba, zai dai gyara zaman riga ya yi mini kallon tausayi. Na ji, Allah ya ƙara girma. Amma ku ɗan matso.

Walewale a bakin titin Tamale zuwa Bolgatanga take, hanyar da tireloli ke bi daga tashar jiragen ruwa ta Tema su nufi Paga su tsallaka Burkina Faso. Da aka kafa Yankin Arewa maso Gabas a 2019, Nalerigu aka ba hedikwata, amma titin bai tashi ya bi ta ba. Siminti, taki, shinkafar fadamar Nasia, waken suya, ƙwarar kaɗanya, duk nan suke giftawa. Mai sito da kasuwa ta buɗe masa, wata rana zai zauna ya yi lissafi: buhu 40 na siminti tan 2 ne, kuma fokilif, wato motar ɗaga kaya, a tashi ɗaya take kwashe su. Ranar nan, wanda ya fi kowa dariya yau shi zai fara aikawa Tema ko Kumasi a sayo masa ta hannu.

To, Alhaji, ga abin da dillali ba zai gaya maka ba. Fokilif ba ta da sifirin, ba ta da shokozoba. Duk wani rami da tsakuwa, taya ce kaɗai ke tsakaninsu da ƙugun direba da kayan da ke sama. Ga nauyi kuma: wadda ke ɗaga tan 2 da rabi, ita kanta ta kusa tan 4, saboda tulin ƙarfen da aka ɗora mata a baya don kada ta kife ta gaba. In ta ɗau kaya, yawancin nauyin kan tayoyin gaba biyu yake komawa, na baya kuwa su ke juya ta.

Akwai wata taya siririya, roba zalla da aka manne a kan zoben ƙarfe, sumul ba zane sosai. Ita aka yi wa daɓen siminti mai santsi na cikin sito, kuma a can ba ta da na biyu: tana juyawa a lungu, tana daɗewa. Motar da ke ɗauke da ita cikinta dab da ƙasa yake. Yanzu ka fito da ita harabar sitonka ta jar ƙasa a watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa. Kamar ka aika amarya gona ne da takalmi mai tsini. Tayar gaba za ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana feshin taɓo, ciki ya zauna a ƙasa, kuma ƴan dakon da ka sallama jiya su za ka roƙa su zo turi. Ba kuma za su yi maka ragi ba.

"Sai in canja mata taya mai iska mana!" In ji wa? Ƙirar jikin motar daban ce, gurbin tayar daban, gatarin daban. Wadda aka ƙera don tayar daɓe ba ta karɓar ta waje. Shi ya sa tun kafin a biya kuɗin mota ake fita a zagaya haraba a dubi inda za ta taka.

Mai iska ita ce ta tsakuwa da marmara da gargada, tana da zane mai zurfi, tana tausaya wa bayan direba. Lalurarta ƙusa. Duk inda ake sauke kaya a kan katako, ƙusoshi na nan warwatse suna jiran rabonsu, kuma fanca a fokilif mai kaya a sama ba irin fancar motokin, babur mai ƙafa uku, ba ce da za ka tura gefe ka sayi kankana kana jiran mai faci. Gefe ɗaya ya sauka, kaya sun karkata. Iskarta ma ta fi ta ƙaramar mota nesa ba kusa ba, sau uku ko fiye. A nan zan ajiye wasa: yawancin irin wannan rim ɗin gida biyu ne da aka haɗa da notoci, kuma wanda ya kwance su bai sace iskar duka ba, ƙarfen na iya tashi ya kashe shi. Ku gaya wa yaran gareji wannan ko da ba ku yarda da sauran maganata ba.

Ta ukun siffarta ta mai iska ce, rim ɗinsu ma ɗaya, amma cikinta roba ce tim. Ƙusa ta shiga, sai dai ƙusar ta ji kunya. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin harabobinmu, inda rabi daɓe ne rabi ƙasa. Na ga Alhajin Bawku ya fara murmushi, yana jiran in faɗi kuɗinta. E, ta fi tsada. Tana da tauri, direba zai ji a jikinsa, kuma in aka mai da fokilif motar zuwa kasuwa a zafin Maris, robar na ɗaukar zafi daga ciki ta lalace. Sa ta a rim ma sai da injin matsi, guduma da lebar mai facin bakin titi ba za su yi ba, don haka ka san inda za ka kai ta tun kafin ka saya.

Lambar taya kuwa ba a cankar ta. Tana rubuce a gefen tsohuwar, tana kuma kan ƙaramin farantin ƙarfen da ke kusa da kujerar direba. A mota mai tan 2 da rabi sau da yawa za ka ga 7.00-12 a gaba, 6.00-9 a baya. A gefen mai roba tim akwai wani layi da ya zagaye ta. In cin ya kai nan, ta gama aiki, ko da kai kana ganin da saura.

Kuma don Allah, Alhaji, in za ka canja, ka canja biyun da ke gatari ɗaya tare. Na san ka. Za ka sayi ɗaya sabuwa, ka ce ɗayar ta yi haƙuri sai bayan girbi. Sabuwar ta fi tsohuwar tsawo, motar ta karkace, kuma ɗan karkacen da ba ka gani a ƙasa, in aka ɗaga buhuna mita 3 sama kowa a unguwa zai gan shi.