Yadda za ka hau dutse ba tare da an ce ka zautu ba

Kafin ka nemi ruwa, kafin ka nemi takalmi, fara tanadar amsa. Domin kana cikin ɗaure jaka inna za ta leƙo ta ce, "Kai kuwa ina zuwa da sassafe haka?" Ka ce dutse. "Me ka ajiye a can?" In ka kuskura ka ce ba kome, kallo kawai za ka yi, to magana ta fita hannunka. Kafin azahar duk yankinmu na Garagumsa ya ji cewa ɗan gidan wane ya fara bin duwatsu, a taimaka masa da rubutu. A wajenmu ana fita daji don itace, ko kiwo, ko neman akuyar da ta ɓata, amma fita don kallo zalla an daɗe da barin ta ga Nasara. Ni kuwa ina ganin asara ce babba, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga amsar da za ka ba ta: "Inna, zan je in ga inda wuta ta taɓa fitowa daga ƙasa." Kuma ba ƙarya ka yi ba. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa akwai jerin tsoffin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga Abzin, ya ratso Damagaram da Muniyo, ya dire a tsaunukan Jos a Nijeriya. Na Abzin ne manya, sun haura shekara miliyan 400. Namu na tsakiya sun kai kimanin miliyan 300. Na Jos su ne ƴan auta, tsakanin miliyan 150 zuwa 200. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, wani ya fashe ya malala a sama, wani ya tsaya a ƙarƙashi ya huce sannu a hankali har ya zama dutsen nan mai tauri. Ruwa da iska suka yi ta cin na saman har suka share shi, suka bar mana gindin. Murhu ne da aka sauke tukunya tuntuni, toka ta tashi, duwatsun girkin suka rage. Saboda haka kwantar da hankalin inna: wutar Damagaram ta mutu tun kafin a san za a yi wani abu wai shi gero.

Sai zaɓen lokaci. Kada wani ya ruɗe ka ka fita a bazara. A watan Afrilu da Mayu dutse yana shan rana tun hantsi, in ka dafa shi da tafin hannu da azahar za ka yi sallama da wurin ba tare da an ce ka yi ba. Lokacin fita shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka fita bayan sallar asuba, ka sauko kafin rana ta take. Sai dai ka duba sama tukuna. Ranar da hazon hunturu ya sauka, za ka sha wahalar hawa ka isa ƙololuwa ka tarar abin da za ka gani bai wuce hancin abokin tafiyarka ba.

Maganar sutura kuwa, ina roƙon alhazai da su yi haƙuri. Babbar riga ta gidan suna ce. A bakin dutse iska za ta shige ta, ta buɗe ta, ka zama abin kallo ga makiyaya har zuwa damina mai zuwa. Shadda mai sitaci ma a bar ta a akwati. Sa tsohon wando mai kauri, da takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, da rawani ko malafa. Silifas zai kai ka gindin dutse lafiya, amma da wuya ku dawo tare. Kuma ka san da ƙarangiya. Bayan kaka ta bushe tana jiran mai wucewa, ta kama bakin wando, ta hau safa, ta shige igiyar takalmi. In ka cire ta da yatsa ta koma yatsan, ka sa ɗaya hannun ta koma can, ta bar maka siririyar ƙaya da ba ka gani sai dai ka ji ta da dare. Jiƙa yatsunka kaɗan kafin ka taɓa ta, ko ka kankare ta da bakin wuƙa, kuma ka riƙe matsefata a aljihu. Wanda ya raina ƙarangiya bai taɓa zama a kanta ba.

Ruwa kuwa, ɗauki abin da kake ganin ya isa, sannan ka ninka shi. Dabino, ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi sun wadatar, amma ka tuna kilishi abokin ƙishirwa ne.

Fara daga gida. Gandun dajin Takeita yana nan a bakin ƙofarmu, hekta 6,720, an keɓe shi tun shekarun 1950. Ya taɓa lalacewa ƙwarai da sara da noma, sai aikin da ƙungiyar SOS Sahel ta fara a 1995 ya haɗa manoma da makiyaya, aka kafa ƙungiyar Ku Taya Ni ta masu amfani da dajin domin su kula da abinsu da kansu. A nan za ka gwada ƙafarka a kan tudu da kwari kafin ka tunkari manyan duwatsu, a nan kuma za ka gwada iliminka. Mutum ya gama jami'a yana iya lissafa kogunan Faransa, amma a nuna masa sabara da geza ya tsaya yana sosa ƙeya. Nemi dattijo ko makiyayi ka bi bayansa, ka ce, "Baba, wannan fa?" Zai nuna maka kalgo da aduwa da magarya da anza, ya gaya maka wadda ake ci da yunwa, da wadda ake jiƙa wa mai jego. Gatari dai a bar shi gida, ko da na ado ne.

In ƙafa ta saba, hau mota zuwa Damagaram, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Za ku wuce Tirmini, inda a watan Yulin 1899 dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa. Ka daure ka ɗaga kai daga waya a daidai nan. Da ka doshi gari za ka ga manyan ƙwallayen duwatsu sun hau kan juna, a unguwar Birni kuwa har gidaje sun jingina da su, wani ma dutsen ne bangon ɗakinsa. Kada ka ce wani ƙato ne ya jera su. Ruwa ne ya bi tsagogin dutsen tun yana binne, ya cinye kusurwoyinsa, daga baya ƙasa ta zaizaye ta bar su a fili, zafin rana da sanyin dare suka ci gaba da ɓare musu fata. Dutsen nan kuma shi ne sirrin ƙishirwar Damagaram, domin ba ya riƙe ruwa a cikinsa yadda rairayi ke yi. Shi ya sa ake jawo wa gari ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza, kuma ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. In ka zauna a kan dutse kana hangen fadar Sarki da rufin unguwar Zango, tarihin garin ne kake zaune a kansa.

Hawa kansa ba ya son gaggawa. Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a dafe kullum. Kada ka cusa hannu a ramin da idonka bai shiga ba, domin kunama da kububuwa ba su san ka zo baƙunta ba. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsaga wurin da reza, ban da tsotsa, a nufi likita kai tsaye. Kuma ka sani saukowa ta fi hawa wuya. Da yawa sun hau da kirari sun sauko da gindi, kuma babu abin kunya a nan, gindin ma Allah ne ya ba ka. Masu ɗaukar hoto da waya, ku ji da kyau: in ana ce maka "ja baya kaɗan, ƙara ja," waiwaya ka ga abin da ke bayan naka tukuna.

A ƙauye kada ka zarce dutse kai tsaye. Bi ta ƙofar maigari, ka tuɓe takalmi, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne, mun zo ganin dutsenku." Goro biyu ba za su talauta ka ba. Shi zai haɗa ka da yaron da ya san hanya, shi zai gaya maka gefen da ba a bi. In an ce wancan kogon na mutanen ɓoye ne, kada ka tsaya musu kana kawo ilimin boko. Sau da yawa inda aka hana shiga akwai rami, ko zuma, ko maciji, ko kabarin da mutane ke girmamawa. Sai abu ɗaya da dole ka koya, wato awon nisa. In ka tambayi mutumin ƙauye ya ce "nan ne kusa," dubi leɓensa. In ya ɗan turo shi, tafiyar rabin awa ce. In ya turo shi har ya ɗaga haɓa ya lumshe ido, koma ka ƙaro ruwa.

Gabas da Damagaram akwai lambunan Mirya, akwai tafkin Gidimuni da dabinonsa da tsuntsayensa, sannan duwatsun Muniyo a wajen Gure, inda har yanzu ake samun dutsen da ya malala a sama ya daskare, ba gindin kaɗai ba.

Amma wanda ke son ya ga dutse mai aman wuta da siffarsa, da bakinsa da gangarensa, sai ya yi shirin Abzin. Daga Damagaram ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. Ka tsaya ka ga hasumiyar masallacin Agadas, ginin laka mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Daga nan hanya ta shiga tsaunuka. Can, bayan tsoffin duwatsun da muka ambata, akwai wasu sababbi sama da 100 da suka yi aman wuta daga baya, baƙaƙe wuluk, tarkacensu a warwatse ko'ina. Kana cikin wannan baƙin dutse, ƙura ta cika maka hanci, kwatsam sai ga Timiya: lambunan lemo da rumman da dabino a cikin kwari, raƙumi na jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƴan magudanai zuwa gindin kowace bishiya. Kusa da garin akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa bayan damina. A Tafadek, arewa da Agadas, ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu ciwon gaɓoɓi na zuwa wanka. Sai tsaunin Bagazam, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, mutane na zaune a samansa suna noman albasa da dankali da tafarnuwa. In ka je da ɗari, ɗauki bargo biyu. Bahaushen da ke alfaharin ya san sanyin hunturu zai kwana yana kiran sunan innarsa a can.

A nan raha ta tsaya. Abzin ba wurin da ake shiga da ka ba ne. Tambayi hukuma halin da hanya ke ciki kafin ka tashi, ka ɗauki jagora ɗan ƙasa, in an ce sai da rakiyar soja ka bi, in an ce a dakata ka dakata. An binne nakiyoyi a wasu wurare lokacin rikicin 2007 zuwa 2009, don haka direba ba ya barin sawun da aka saba bi saboda wai ya ga gajeriyar hanya. In ka ga zanen dabbobi da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, irin raƙuman dawan Dabus, kalla da ido kawai. Sunanka da lambar wayarka ba su da wurin zama kusa da su, haka ma a duwatsun Birni. Ledar da ka zo da ita kuwa ta koma aljihunka, don akuyar wani ce za ta haɗiye ta.

Malaman makarantun Garagumsa, ku nake roƙo musamman. Idan ɗari ya shigo, ku zaɓi safiya guda ku fita da yara gandun dajin Takeita, wata safiyar kuma ku haɗa kuɗin mota ku kai su duwatsun Birni, su dafa da hannunsu, ku gaya musu shekarun abin da suka dafa. Mota ba ta yankewa a kan kwaltar Takeita zuwa Damagaram.