Mudu Biyu na Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

A shekarar 1591 sojojin Maroko suka zo da bindigogi suka karya daular Songhai a Tondibi. Askiya Nuhu ya yi kudu da sauran jama'arsa zuwa ƙasar Dendi, ƙurar yaƙi ta biyo su har bakin Kwara, daidai inda Malanville ke kallon Gaya a yau. Daji ya rikice. Akuya ta shuka gero, wani ya girbe. Zabuwa ta saka ƙwai, wani ya kwashe.

Gizo kuwa ba noma, ba yaƙi, ga yunwa. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, yau ma da ruwan zafi za mu kwana?" Ya ce ta ɗora tukunya, yana zuwa.

Ya tarar da Zaki kwance a gindin tsamiya, ya faɗi, ya zuba ƙasa a ka. "Yanka ya daɗe, manyan dawa! Wahalar farauta ta isa haka. Ka ce ƙasar nan duk taka ce."

Zaki ya ce, "Ai gonakin kakannin dabbobi ne."

"Su ba ka, kai kuma ka ba su aro. Ka tsare musu wuya, su cika maka ciki."

Dabbobi suka yarda, don tsoro ba ya ciniki. Kuma a faɗi gaskiya, shekarar farko ba a cuce su ba. Mahara suka zo, Zaki ya yi ruri sau ɗaya, suka watse, kowa ya kai hatsinsa rumbu.

To, Zaki ɗaya ne, daji da faɗi. Sai ya yanka wa Kura gabas, ya ba Damisa yamma, ya naɗa Kada Sarkin Ruwa. Sharaɗi biyu ne: ranar yaƙi kowa ya zo da mayaƙansa, ranar salla ya zo da gaisuwa. Kura ba ta son rana, ta tare a fada, ta rarraba wa Dila ƙauyuka. Dila ya naɗa Kare mai unguwa. Can ƙasa aka bar Jaki da Akuya da Tunkiya, su ba su da wanda za su ba umarni sai fartanya.

Gizo bai roƙi ko taki ɗaya na gona ba. Jakada kawai ya ce a naɗa shi, mai kai-komo tsakanin fada da ƙauye. Ya samo mudu biyu, babba da ƙarami. In ya je karɓar hatsi sai ya fito da babban, ya cika, ya girgiza, ya danna da ƙafa, ya yi masa tozo. In ya iso fada sai ya auna da ƙaramin, ya shafe bakinsa da tafin hannu. Ƙoƙi ta yi ƙiba.

A dami goma ɗaya na Zaki ne. Kura ta ɗauki ɗaya, wai ladan magana a gaban sarki. Dila ya ɗauki na tawada, Kare na haushi. Aka sa wa shanu jangali. Ruwan farko in ya sauka, sai an gama shuka gandun sarki kafin kowa ya taɓa tasa gonar.

Aka daɗe ba a ga mahari ba. Tunkiya ta yi subul da baka a bakin rijiya, ta ce, "Wai yanzu kuɗin tsaron me muke biya?" Daren nan Gizo ya kai wa Kura cinya guda. Ta zagaya bayan gari, ta sake murya, ta yi ta kuka har asuba. Da safe Tunkiya ce farko a layi.

Jaki ya ɗaure kayansa zai yi ƙaura. Dila ya tare shi. "An ba Kura ƙasar nan da abin da ke kanta. Kai a kan me kake tsaye?" Jaki ya dubi ƙafafunsa, ya sauke kaya.

Rannan Tsattsewa ta dawo daga Turai da labari. Ta ce Sarki Sharlaman ya mutu a 814, jikokinsa suka raba daular gida uku a 843, 'yan fashin teku suka addabi Faransa, manoma suka fake a gindin masu doki da ganuwa. Sarki ya ba manya ƙasa, manya suka ba barade, barde ya biya da yaƙin kwana 40 a shekara, manomi kuwa ba shi da ikon barin gonar. Gizo ya fusata. "Wa ya kai musu dabarata?" Ta ce, "Haba Gizo, sun riga ka da shekara fiye da 700."

Gizo bai karaya ba. Ya ga ayarin fatake na dawowa daga Gwanja da goro ta ƙasar Borgu, mahayan Wasangari na karɓar nasu a hanya, sai ya gitta saƙarsa a mashaya. Madugu ya biya shi, ya biya Kada kuɗin fito.

Da Faransawa suka iso bakin kogin a shekarun 1890, Zaki ya koma mai tara musu haraji. Gizo ya kwana biyu ya fito a tafinta, da mudunsa biyu a jaka. An yi gada, Kada ya rame. A 2023 aka rufe ta, jama'a suka koma kwalekwale, aka ga Kada ya sake rawani.

In hanya ta kai ka wajen, ka ga an gitta igiya, ka yi sallama da ladabi, ka tanadi canji. Ni dai ban ce saƙar Gizo ba ce.

Ƙurunƙus kan ɓera.