Ranar da Na Gaida Surukina da Muzuru a Cikin Riga

Har yanzu rabin fuskata shuɗi ne, kuma da yatsu biyu nake danna wannan rubutu, don sauran suna naɗe da filasta.

Shekaranjiya muzurunmu, wanda yara suka laƙaba wa Kwamanda, ya dawo daga yawon dare da yanka a cinya, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ko kwanon rufi ne ya yanke shi, ko wani muzurun ne da suka haɗa nema, bai faɗa ba. Na kira wani abokina likitan dabbobi. Jini ya tsaya? Ya tsaya. Yana taka ƙafar? Yana takawa. To, in tafasa ruwa rabin lita, in zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in bari ya huce, in wanke wurin da auduga safe da yamma. Kada in kusance shi da Dettol, domin mage da harshe take wanka, duk abin da ka shafa mata ba ta ka yi ta sha. Kada kuma tausayi ya sa in ba shi Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya aika shi lahira, saboda hantar mage ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum. In wurin ya kumbura nan da kwana biyu ko uku, ko ya fara wari, ko ya ƙi abinci, in kai masa shi. Har zai kashe waya ya ƙara da cewa, "Af, ka fara naɗe shi da tawul." Ya faɗe ta ne kamar mai cewa a miƙo masa buta.

Gwaggona, wadda ta zo mana kwana uku tun bayan ƙaramar salla, tana kan tabarma tana ɓantarar goro, ta ji komai.

"Gishiri? Miya za ka yi da shi? Kai ɗan nan, ɗebo toka mai ɗumi ka barbaɗa masa."

Na ce likita ya hana.

"To man shanu. In babu, baƙin man mota, shi ake sa wa jaki."

Na ce Gwaggo, wannan ba jaki ba ne.

"Duk ƙafa huɗu ce."

Da ta ga na ƙi, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar kwalba ta shuɗin maganin nan na GV da ake ɗiga wa yara a miki. Ta buɗe murfin ta ajiye ta a bakin rijiya, daidai gwiwar hannuna, wai ko Allah zai sa in dawo hayyacina. A riƙe wannan kwalba a zuci, za mu dawo kanta.

Naɗin tawul ya tafi lafiya lau, har na soma raina sana'ar abokina. Kwamanda ya yi lamo, ido a lumshe, ka rantse kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Na manta da ɗaya kirarin nata, na mai kwanciyar ɗaukar rai. Ina tsugune, sanye da jallabiyar shan iska, ba singileti a ciki. Na tsoma auduga, na matse, na ɗora a kan yankan.

Ban ga fitarsa daga tawul ba. Na dai ga tawul a hannuna, babu kowa ciki. Maimakon ya haura katanga kamar kowane muzuru mai hankali, sai ya ga wani duhu a kusa, ya faɗa. Duhun nan ƙasan jallabiyata ne.

Mage farata 18 gare ta, biyar biyar a gaba, huɗu huɗu a baya. Ba a littafi na karanta ba, a jikina na ƙirga. Ya kama ƙwauri, ya wuce gwiwa, ya ɗan tsaya a wani wuri da ba zan ambata a mujalla ba, sannan ya ci gaba da hawa kamar mai tsinkar dabino. Na miƙe zumbur, gwiwar hannuna ta doki kwalbar Gwaggo, ta yi sama ta juyo a kaina.

"Kada ka motsa!" in ji Gwaggo. "Mage ba ta yaƙushin wanda ya natsu."

Ina tsalle a tsakar gida, ina dukan cikina da hannu biyu kamar makaɗin kalangu.

"Yi masa magana, yana jin Hausa! Ce masa kai ne mai gidan!"

A daidai nan aka yi sallama. Muryar da na sani ce sarai. Mahaifin matata ne, ya biyo daga ɗaurin aure, babbar riga fara sol, rawani zam, carbi a hannu. Shekara tara ina auren 'yarsa, bai taɓa ganin kaina ba hula ba.

To, ɗan Hausa ko wuta ce ke cin rigarsa ba ya gaida suruki a tsaye. Na durƙusa. Durƙuson nan ya matse Kwamanda tsakanin cinyoyina da ƙirjina, shi kuma ya ɗauka sabon hari ne.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Lafiya ƙa..." Farata biyar a haƙarƙari. "...lau."

"Ya aiki?"

"Da godiya." Shuɗi na gangarowa daga girata yana ɗiga a siminti, ɗis, ɗis.

"Ya yara?"

Ban kai ga amsawa ba, ƙirjina ya amsa. Wani dogon kuka ne, irin na tsakar dare a kan katanga, mai farawa daga ƙasa ya yi sama ya karye. Sai wutsiya ta ɓullo ta wuyan jallabiya, ta miƙe, ta shafi gemuna, ta kwanta a kan leɓena.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan in na tuna, kuma tun shekaranjiya nake tunawa, ko salla na tayar: Baba bai yi dariya ba. Da ya yi, da an wuce wurin. Ya dubi wutsiyar, ya dubi shuɗin, ya mai da idonsa kan carbinsa, ya ja ƙwaya ɗaya, ya ce, "Madalla. Ya ƙoƙari?" Ni kuma, da wutsiya a baki, na ce, "Alhamdu lillahi." Muka ci gaba. Ya tambayi sanyi, na tambayi mutanen gida, ya tambayi mahaifiyata, na tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo. Ba mu tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Matata tana bayan labulen ɗakin girki, ina jin wani sauti kamar ana shaƙe akuya.

Gwaggo ta karkato ta yi mini raɗa, irin raɗarta da ake ji daga bakin titi: "Rufe ido. In ba ka gan shi ba, shi ma bai gan ka ba." Ban sani ba ko muzurun take nufi ko surukin.

Kwamanda ya fita ta hannun riga, ya bi ta kan takalmin Baba, ya bar masa sawu huɗu shuɗaye a gefen babbar riga, ya haye katanga ya zauna yana lasar cinyarsa.

Na wanke jikina da sabulu da ruwa minti 15 kamar yadda abokin nawa ya ce da na sake kiransa, bayan ya gama dariyarsa, ya kuma tambaya ko an taɓa yi wa Kwamanda rigakafin ciwon hauka. An yi, nan kaɗai na ci. A asibiti aka tsira mini allurar tetanus, ma'aikaciyar ta goge mini yaƙushin da ruwan gishiri, ba wanda ya naɗe ni da tawul. Da na tambaye ta shuɗin fa, ta ce sai ya ga dama zai fita, kuma gobe Juma'a.

Na dawo na tarar da Gwaggo tana ba Kwamanda kan kifi. Ta dubi filastocina ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai.

"Nawa suka karɓa?"

Na faɗa mata.

"Kai ɗan nan. Ga toka nan a murhu."