Daren da 'Yan Sintiri Suka Kama Baba Kirsimeti

Duk wanda ya tsara yadda Baba Kirsimeti zai riƙa shiga gidajen mutane bai yi shawara da mazauna Sabon Tasha ba. A ƙasashen sanyi an ce tsohon kan sauka bisa rufi da tsakar dare, ya zuro ta bututun hayaƙi, ya ajiye wa yara tsaraba, ya fice ba wanda ya gan shi. A wannan gefe na garin Kaduna kuwa rufin kwano ne, bututu babu, ƙofar gida ta ƙarfe ce mai sakata biyu, katanga kuma an jera mata fasassun kwalabe. Baƙon da ya ƙi bin ƙofa da dare, ga buhu a kafaɗa, suna ɗaya gare shi a unguwar, kuma da ƙarfi ake kiransa.

Kawu ya san haka sarai. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, dattijo a ikilisiyarsu, mutumin da ko sanarwar coci aka karanta da kuskure sai ya tare magatakarda a bakin ƙofa ya gyara masa. Jikoki ne suka ja shi.

Kirsimetin 2023 ta zo wa mutane a hagunce. Tun ranar 29 ga Mayu da aka janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600, buhun shinkafa ya wuce naira dubu 50, ga kuma ƙarancin takardun kuɗi da ya sake dawowa a watan Disamba, har masu POS suka zama manyan gari. Sai gwamnatin tarayya ta sanar da cewa daga 21 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu jirgin ƙasa kyauta ne. 'Ya'yan Kawu da ke Abuja, waɗanda tun farko suka ce bana ba za su samu zuwa ba, nan take suka ji kewar gida ta kama su. Aka kwaso yara aka sauke a tashar Rigasa, gidan da ya saba da tsofaffi biyu da rediyo ya cika da kuka da takalma.

Yaran Abuja sun zo da tambaya. A makarantarsu an kawo musu Baba Kirsimeti kafin hutu, har sun ɗauki hoto da shi. Ƙaramar cikinsu, wadda Kawu ke kira amaryarsa, ta hau cinyarsa ta ce, "Kaka, a nan garin ma yana zuwa?"

Da mai hankali ne, da ya ce hanya ba kyau. Kawu ya ce, "Yana zuwa mana, amarya. Ai nan ya fi zuwa."

Abin da ya kamata a tuna shi ne yaran unguwar ba su taɓa rasa Kirsimeti don rashin tsoho mai jar riga ba. Tasu Kirsimetin a bayyane take: sabon ɗinki, takalmin da aka saya da ɗan girma don ya kai baɗi, tabarau na roba mai ruwan ɗorawa, agogon da allurarsa ba ta motsi, kitso ko aski, shinkafa da miya da tsokar nama da ba a raba wa mutum biyu. Bayan sujada sai yawo gida-gida ana barka da Kirsimeti, a samu cincin a leda da 'yan canji a aljihu, da yamma a zauna ana ƙirga wa ya fi. Wanda iyayensa ke da hali akan kai shi gidan talabijin ko wurin shaƙatawa ya ga Baba Kirsimeti da rana tsaka, ya biya kuɗin shiga, ya fashe da kuka, a ɗauki hoto. Ba a taɓa jin wanda ya nemi tsohon ya biyo shi gida ba.

Amma malami malami ne. Kawu ya ɗauko littattafansa ya yi bincike, ya kira ɗan ƙanwarsa, wanda shi ne mai ba ku wannan labari, ya zaunar da shi ya yi masa darasi. Asalin mutumin, in ji shi, wani bishop ne mai suna Nikolas da ya yi zamani a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wani matalauci mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, bishop ɗin ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga don kada a san shi ne. Jar rigar da tumbin kuwa, tallan Coca-Cola da aka fara zanawa a 1931 ne ya kafe su a idon duniya. Daga duk wannan Kawu ya fitar da hukunci guda: tun asali aikin na dare ne kuma na sirri, saboda haka ba za a gaya wa kowa ba, har matarsa, Mama. Musamman Mama.

Aka fara da tela. Wanda bai taɓa shiga shagon tela a mako na uku na Disamba ba bai san inda alkawari ke zuwa ya mutu ba. Atamfofi sun kai rufi, janareta na ruri, mata uku zaune a benci sun rantse ba za su tashi ba sai da kayansu, shi kuma telan idonsa ja wur, allura a baki, yana ce wa kowa gobe da yamma. Kawu ya miƙa masa jan yadi, ya nuna masa hoto a waya. Telan ya kalla na daƙiƙa biyu ya ce, "Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Ranar jajibere da magariba aka karɓo ƙaramin aiki. Jamfa ce ja, doguwa har gwiwa, da aikin zare fari a wuya da aljihu, irin wadda ango zai sa in ya yi faɗa da danginsa. Wando kuwa ba a ko yanka ba. Dole aka koma ga wani jan wandon motsa jiki da Kawu ya taɓa saye a gwanjo a Kasuwar Barci, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Hula ta sanyi ce, dama hunturu ya sauka. Gemu ne ya ci fasaha: auduga ce daga kemis, aka manna ta da gam a jikin wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona. Tumbi matashin kai ne. Tsarabar kuma, biskit da alewa da balan-balan da bindigar ruwa, aka zuba a tsohon buhun shinkafa, domin shi ne buhun da ke akwai.

Tsarin ya yi kyau a baki. Wajen ƙarfe goma, lokacin da yara suka dawo daga waƙoƙin jajibere suna zaune a tsakar gida, Mama da 'yan uwanta na Zumuntar Mata suna suyar cincin, Kawu zai zagaya ta lungun baya, ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa tsani, ya haura ta kusurwar da kwalabe suka zube, ya sauka a hankali, ya yi dariyar nan ta Baba Kirsimeti. Ya kwana biyu yana gwada dariyar a banɗaki, har Mama ta dafa masa citta da lemun tsami.

Abu ɗaya ne ba a sa a lissafi ba. A daidai wannan kusurwa aka ɗaure bunsurun Kirsimeti.

Bunsurun na haɗin gwiwa ne, 'ya'ya uku suka tara kuɗinsa, kuma tun da aka kawo shi yake kallon kowa da zargi. Kawu ya kai saman katanga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya sunkuya yana laluben inda zai taka. Bunsuru ya ɗaga kai ya ga wani farin abu mai laushi yana lilo a gabansa. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya cafka. Robar takunkumi ta miƙe iya miƙewa, Kawu na ja, bunsuru na ja, sannan ta tsinke ta ɗauke masa tabarau. A daidai lokacin wani yaro a layin ya fasa nokawut, abin da 'yan sanda ke hanawa duk shekara kuma duk shekara ake fasawa. Karen maƙwabta ya ɗauka, na gaba da shi ya amsa.

Hasken tocila ya sauka a kan katanga. 'Yan sintirin unguwa ne, waɗanda kowane gida ke biyan kuɗinsu duk wata, kuma Kawu ne ma'ajin kwamitin. Abin da suka gani shi ne mutum a kan katangar hedimasta, da buhun shinkafa, a shekarar da shinkafa ta zama abin ajiyewa a ɗakin kwana. Aka busa usur.

"Ɓarawo!"

A nan dariya takan ɗan tsaya wa mai ba da labari, domin kowa ya san abin da wannan kira ke iya jawowa a garuruwanmu kafin a tsaya tambaya. Allah ya taimaka shugaban 'yan sintirin mutum ne mai sanyin hannu. Ya hana kowa matsowa, ya ɗaga gora ya ce, "Kai wane ne?"

Kawu, da har yanzu yake ganin ana iya ceto sirrin, ya kumbura murya ya ce, "Baba Kirsimeti ne."

"Daga wace unguwa?"

Ɗan ƙanwar yana ƙasa riƙe da tsani yana rantsuwa cewa mai gidan ne, aka ce masa ya yi shiru, shi ma zai yi bayani. Daga ciki kuwa tsakar gida ta watse. Yara suka hango jan abu a kan katanga, rabin fuska auduga, tumbi ya zame ya koma gefe, suka kwasa da ihu cewa dodo ne. Amarya ta shige ƙarƙashin tebur. Babban jikan, ɗan shekara tara da ya yini yana cika bakin cewa shi ba ya tsoron komai, a bayan buhun gawayi aka same shi. Matan Zumunta suka fito da abin da hannu ya samu, wata da muciya, wata da matsamin cincin yana ɗigar mai, wata ta fara addu'a da ƙarfi tana tsauta wa Shaiɗan.

Mama ce ta ƙarshe, riƙe da taɓarya. Ta karɓi tocila ta haska ƙafar da ke lilo ta cikin gida. Ta daɗe tana kallon takalmin, wani baƙin sandal da ta kai wa mai gyara da hannunta a makon. Ta sauke taɓarya.

"Malam," ta ce, "me kake yi a kan katangarka?"

Ba a samu amsa ba, sai bunsuru da ke tauna.

Alhaji na gidan da ke kallon nasu ya fito da jallabiya da carbi, ya tarar da rabin layin a tsaye. Shekaru da dama ke nan suna maƙwabtaka, naman layya na tsallakowa nan, shinkafar Kirsimeti na tsallakawa can, kuma shi ne ke yanka dabbar gidan Kawu duk shekara domin kowa a layin ya ci ba tare da shakka ba. Ya ɗaga kai ya dubi abokinsa, ya yi salati, ya ce, "Hedimasta, in makulli ne ya ɓata ai sai ka buga mini." Alhajin ne ya sa aka zagayo da tsanin ta ciki. Saukowar ta fi hawan wuya, domin wandon gwanjo ya kama wata kwalba da ba a lura da ita ba, ya bar wani yanki nasa a can.

Da aka kunna fitila, shugaban 'yan sintiri ya gane wanda ya ɗaga wa gora. Tsohon ɗalibinsa ne, ɗan aji shida na wata shekara can baya. Ya cire hula ya rusuna yana ba da haƙuri. Kawu, da guntun auduga manne a haɓa, ya ce masa aikinsa ya yi kyau, sai dai usur ɗin ya yi jinkiri, kuma za a tattauna batun a taron kwamiti. Matan suka cika wa 'yan sintiri leda da cincin. Buhun tsaraba kuwa Mama ta ƙwace ta kulle a ɗaki, ta ce ba yaron da zai karɓi abu daga hannun wanda ya sa shi fitsari a wando.

Da safe Alhaji ya zo da wuƙarsa. Bunsuru ya tafi da cikinsa cike da audugar kemis, masu gyaran kayan ciki suka yi ta mamaki. Aka tafi sujada, aka karanta labarin haihuwa daga Luka sura 2, aka yi waƙoƙi da ganga da kacau-kacau, Kawu na zaune a layin dattawa da sabuwar shadda da tabarau mai ɗaurin zare, kowa na gaishe shi da fara'ar da ta wuce ta kullum. Bayan an dawo Mama ta zauna a kujera ta raba kayan buhu da rana tsaka, kowane yaro da sunansa, har da 'ya'yan Alhaji da suka shigo da kwanukan karɓar shinkafa. Murna ta kai inda ake so. Bindigar ruwa ta fi komai kasuwa, kuma wanda aka fara harbi da ita Kawu ne.

Amarya ce kaɗai ta riƙe maganar. Ta zo ta tsaya gabansa da tabaranta na roba a goshi ta ce, "Kaka, ka ce Baba Kirsimeti zai zo."

"Ya zo, amarya. Shi ya kawo buhun."

"A'a," ta ce. "Dodo ne ya sato masa, Mama ta ƙwace."

Wannan ita ce ruwayar da ta koma Abuja a jirgin kyauta, kuma ita ake bayarwa a makarantarsu har yau.

Ranar 28 ga Disamba da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Tela ne, ya yi wanka, ya yi barci, fuskarsa fes, ɗauke da jan wando a ninke cikin leda, an yi masa aikin zare fari a ƙafa don ya dace da jamfar. Ya ce saura naira dubu biyu cikon kuɗin ɗinki. Mama ta leƙo ta ce masa mai wandon ya koma ƙasarsu, in ya dawo baɗi za a gaya masa.