A Lafagu Ba a Kai Ƙarar Minshari Asibiti

Mu a Lafagu ba mu ɗauki minshari ciwo ba. Abin dariya ne, wani lokaci ma abin tinƙaho. Idan bazara ta kai bazara, ɗaki ya ƙi shiguwa, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida ko ƙofar zaure, nan asirin unguwa ke tonuwa. Akwai mai ja a hankali, akwai mai fito, akwai kuma wanda in ya soma sai ka rantse an tayar da injin ban ruwa a fadama. Da safe a teburin mai shayi sai a ce, "Alhaji, jiya kam ka rama bashin barci." Shi ko ya shafa tumbi ya ce, "Barcin wanda bai ci haƙƙin kowa ba ke nan."

A je a tambayi uwargida, za a ji wani labarin. Ƙarar dai ta saba da ita tun tana amarya. Abin da ke hana ta rintsawa shi ne lokacin da ƙarar ta yanke. Mutum na cikin ja, sai tsit. Ƙirji na motsi, iska ba ta shiga. Ta kasa kunne, ta fara salati, ta kai hannu za ta taɓa shi, sai ya yi wata irin shaƙuwa ya zabura, ya juya ya ɗora daga inda ya tsaya. Gari ya waye ta ce, "Malam, jiya numfashinka ya yi ta ɗaukewa." Ya ce, "Ke dai kin cika sa ido."

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. In toshewar ta kai daƙiƙa 10, sun lissafa ta ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta tashe shi ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Sau 5 a awa guda, an shiga sahun masu ciwon. Sau 30 a awa, abin ya tsananta. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 ne a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, ke ɗauke da shi. Sai dai in an ce duniyar a garin Koko ta tsaya, amma da namu a ciki.

Da rana ma muna ganinsu, suna dai muke sauya wa abin. Dattijon da liman bai gama buɗe huɗuba ba kansa ya faɗo ƙirji, mu ce tsufa. Ɗan kasuwar da ke tashi kullum da ciwon kai da bushewar baki, yana fita fitsari sau uku kafin asuba, mu ce tunanin bashi. Direban da ke jigilar shinkafa da albasa zuwa Tsamiya ko Lolo yana gyangyaɗi a kan sitiyari, mu miƙa masa goro da shayi mai kauri, wani ma ya ƙara da ƙwaya. Wannan na ƙarshen shi ne ba ya ba ni dariya, domin motar ba shi kaɗai ta ɗauko ba. Kuma zuciyar da ake firgitawa sau ɗari a dare ba ta yafewa: hawan jinin da ke ƙin jin magani, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, duk suna da alaƙa da wannan ciwo.

In mutum ya farka a shaƙe yana haki, mu mun riga mun san mai laifi. Dannau ne, ko iska, ko wata tsohuwa da aka ga ta kalle shi a kasuwa. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, a yi ta tofi. Amma dannau daban yake, shi ne ka farka idonka biyu jikinka ya ƙi motsi. In kuma yaro ne ke barci baki buɗe yana gurnani, sai a ce belu ne, a kira wanzami. A yanke belun, jini ya zuba, minshari na nan daram, domin yawanci naman bayan hanci ne da na gefen maƙogwaro suka kumbura. Wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma yara da yawa daga an cire musu shi ke nan sun rabu da abin.

To, a ce Alhaji ya yarda ya je asibiti. Me zai ce ya kawo shi? Ba wanda ke yankar kati ya ce minshari. Zai ce kasala da ciwon kai. A ɗebi jini a duba zazzaɓin cizon sauro, a ɗaura masa abin awon jini a hannu, a ce ya hau, a rubuta ƙwayoyi, a ce ya rage gishiri. Ba na ganin laifin ma'aikacin. Mutum ɗaya ne, ga layin masu ciki, ga yara masu gudawa, ga wanda maciji ya sara a gona. Wa zai tsaya tambayar yadda ƙato ke barci? Mafi muni shi ne in Alhajin ya biya kemis ya ce barci ba ya isarsa. Sai a ƙirgo masa maganin barci, wanda ke ƙara sakin naman maƙogwaron, ya kuma sa farkawar da ke cetonsa ta yi wuya.

Gwajin na gaskiya sai an kwana ana awon numfashi da bugun zuciya da iskar jini. Wuraren da ake yin sa a ƙasar nan kaɗan ne, waɗanda ake jin labarinsu kuma suna Legas da Abuja, akasari na kuɗi. Mu da zuwa Birnin Kebbi ma sai an yi shawara tun da aka cire tallafin mai a 2023. Masu cewa gara a tsallaka Binin, a nufi Kandi ko Faraku, su ma sun rage baki tun da sefa ta fi ƙarfin naira.

Maganin kuwa akwai shi. A 1981 wani likita a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, ya bayyana na'urar da ake kira CPAP: a ɗaura wa mutum abin rufe hanci, injin ya riƙa hura iska a hankali yana riƙe hanyar a buɗe har gari ya waye. Tana aiki ƙwarai. Sai dai da dala ake sayo ta, kuma tana son wuta daga isha'i zuwa asuba, kowane dare. Da aka kawo wannan zance a majalisarmu, mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wayata ma sai na ba mai caji." Sai mai sola da batir masu ƙarfi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jihar Kebbi ma tana da hukumarta, KECHEMA, amma ka ce mai katin inshora ya ɗaga hannu a majalisa ka ga yadda za a yi ta kallon juna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne matakin farko ba ya cin ko sisi. A 2008 likitoci a Toronto ta Kanada suka fito da tambayoyi 8 na tantancewa: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashin na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba, wuce shekara 50, kaurin wuya, da kasancewa namiji. Ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya yin su kafin ya gama rubuta kati. Daga nan ko ba na'ura akwai abin yi: a kwanta ta gefe a bar rigingine, a rage tumbi, a bar taba da maganin barci, direba ya san bai kamata ya kama hanya da gyangyaɗi ba. Amma tambaya ta uku uwargida ce kaɗai ke da amsarta, mu kuwa da ƙane ko aboki muke zuwa asibiti. Ko an je da ita, kunya ba za ta bar ta ta kwaikwayi minsharin maigida a gaban baƙo ba, sai in mace ce ta ja ta gefe ta tambaya.

Kaurin wuyan da suke nufi shi ne abin da ya haura santimita 40, wato wajen inci 16. Da aka faɗi haka a majalisa kowa ya kai hannu wuyansa. Sai wani ya tuna cewa ba sai an wahala ba, telan unguwa yana da awon wuyan kowa a littafinsa tun ɗinkin babbar sallah. Aka aika yaro ya karɓo. Tela ya ce a gaya musu littafin da awon yake ciki shi ne na bashi, duk mai son ganin wuyansa ya taho da cikon kuɗinsa.