Kafaɗa da Kafaɗa, Ko da Kana Gaba da Maƙwabci

Na san ku, 'yan "to, sai me?" Da an ambaci rawa sai ku taɓe baki, ku ce ai aikin wanda ya rasa abin yi ne. To ku gyara zama, yau da ku nake.

A ƙauyukan tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, Amazigawa, dangin Buzayen Agadas, suna da rawar gari guda: ahwash a kudu, ahidus a tsakiyar tsaunukan. Bayan girbi ko ranar biki, kowa ya fito dandali. A hura wuta, a gasa fatar bandiri har ta ɗau murya. I, bandirin dai da kuka sani a wajen 'yan Ƙadiriyya, don haka a rage yatsina. Sai a ja sahu, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mawaƙi ya jefa baiti nan take a kan abin da ke damun gari, wani ya mayar masa, jama'a su amsa baki ɗaya.

Ga Malam can yana cewa, "Mu ma ai muna da kalangu." Gaskiyarka, Malam. Amma a bikinmu makaɗi daban, mai liƙi daban, kai kuma kana kan kujera kana ƙirga wa mutane kuɗi da ido. A can, in ƙafarka ta saɓa, sahu duka ya karkace. Wanda kuka yi cacar baki da shi jiya a kan ruwan ban-ruwa, yau kafaɗarsa ce ke tallafe da taka. Ka ci gaba da gabar mu gani!

Mutanen nan suna da aikin gayya, sunansa tiwizi. Waɗanda suka saba ɗaga ƙafa tare ba sa wahalar ɗaga fartanya tare.

Kada ku ce su ma ba su da 'yan taɓe baki. Samarinsu na ta kwarara birni, har a 2017 UNESCO ta sanya rawar taskiwin ta yammacin Atlas cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa.

Kai da taron unguwa na gyaran kwata ya gagare ka tara mutum goma, kafin ka yi wa masu ahwash dariya, faɗa mana: yaushe rabonka da gayya?