Yawon Buɗe Ido Irin na Turawa, Daga Tashar Matamaye

Duk shekara, da zafi ya shigo Turai, mutanen arewacinta sai su ɗaure kaya su gangara Italiya da Sifen da Fotugal. Abu biyu ke kai su: kallon tsofaffin garuruwa, da zagaya gonakin inabin da ake yin giya da shi. Su je Pisa su tsaya gaban hasumiyar nan da ta karkace, su miƙa hannu kamar su ne ke tallafe da ita. Su shiga fadar Alhamra a Garnaɗa, wadda ta fita hannun Musulmi tun 1492, su yi ta girgiza kai. Daga nan sai gona, a ba su kofi mai dogon wuya.

Idan kai mutumin Matamaye ne kuma abin ya ba ka sha'awa, ka sani kuɗin neman biza kaɗai yuro 90 ne, kusan jika 59 ke nan, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Ga kuɗin jirgi, ga na masauki, ga shi abin da za ka je ɗanɗanawar ma haramun ne. Saboda haka riƙe kuɗinka. Duk abin da suke yi can ana iya yin sa nan, in ka bi shawarata.

Fara da shiga. Nemi malafa mai faɗi, da baƙin tabarau, da jakar goyo ko da babu komai a ciki. Gajeren wando kam kada ka kuskura. Bature ana yi masa uzuri, kai kuwa magidanci ne, kafin ka kai bakin titi labari ya isa gidan surukanka. Abin da ya fi tufafin muhimmanci shi ne mamaki. Ɗan yawon buɗe ido na gaske ba ya wuce jaki bai ɗauke shi hoto ba. In ka ga gawo, wanda ka girma kana tsintar wa awaki ƴaƴansa, tsaya ka riƙe baki, ka tambayi na kusa da kai dalilin da ya sa yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Zai dube ka sheƙeƙe. Kada ka damu, alama ce aikin ya fara kyau. Ai masana daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallon gawon Matamaye da Magarya da Mirya, har suka rubuta littattafai a kan yadda manoma suka raya shi, ba wanda ya ce musu sun zautu.

Sai babban al'amari, wato gona. Mu ƙasar inabinmu ita ce fadamun Korama, inabin kuwa rake. Hau kabu-kabu ka nufi wajen Dungu lokacin ɗari, sa'ad da ake sara. Da ka isa garka kada ka yi irin ta ƴan gida, wato ka yi sallama, ka taya, ka biya, ka kama hanya. A'a. Masu ɗanɗanar giya a Turai suna da ƙa'ida: su ɗaga kofi su duba launi, su jujjuya shi, su shinshina, su kurɓa, su wasa shi a baki, sannan su tofar a wani ɗan bokiti. Ka ji fa, su biya kuɗi su tofar! To a nan mun riga su, domin tun kakanninmu ba wanda ya taɓa haɗiye tuƙar rake da gangan.

Ga yadda za ka yi. Karɓi sanda guda ka ɗaga ta sama saitin rana, ka lumshe ido ɗaya. Ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ka kai kunne. Ƙirga gaɓoɓin a bayyane, in sun yi kusa da juna ka tsuke baki. Idan an fere maka, kada ka afka mata; shinshina tukuna, ka yi shiru na ɗan lokaci kamar mai tuna wani bashi. Sannan ka ciza, ka tauna sannu a hankali, ka tsotse, ka tofar gefe cikin natsuwa. Yanzu sai magana, kuma nan ne gwaninta take. Ba a cewa “yana da zaƙi”, wannan ko yaro ya iya. Cewa za ka yi, “Baba, wannan ya sha laka mai sanyi, akwai ɗan ƙanshin dabino daga baya, amma na bara ya fi shi hankali.” Mai garka zai ce, “Alhaji, duk rake ne, nawa za a sara maka?” Kada wannan ya karya maka gwiwa. A Turai ma manomin ya san duk inabi ne, bakinsa kawai yake kamewa saboda baƙo ya biya.

Ka tuna gindi ya fi kai zaƙi, don haka in kuna da yawa, kai ka yi ta bayani a kan tarihin fadama har a raba, hannunka na kan gindin. In kuma aka kawo mazarƙwaila, ka ce wannan ita ce tsohuwar ajiya, ta manyan baƙi. Mutanen Fotugal tun 1756 suka shata iyakar gonakin inabin kwarin Duro, suka ce abin da aka noma a ciki kaɗai ke da ikon ɗaukar sunan wurin. Mu kuwa a loda raken ƙasar Kance a mota a kai shi birane, a sayar da shi ba suna ba asali, kowa ya sha ya goge baki. Wannan ni a wurina sakaci ne, amma ba shi ya tara mu ba.

Daga gona sai tsohon gari. Shiga mota ta bi da kai Takeita zuwa Damagaram, tafiyar kilomita 85 ko kusa da haka. Karen mota zai rantse maka saura mutum ɗaya a tashi; ka ɗauki wannan a matsayin sashen al'adun gargajiya. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba, domin jandarma ba ya karɓar malafa a madadinsa.

A Birni, wato tsohon garin, za ka sami duk abin da Bature ke nema: lunguna masu ɓatar da baƙo, gidajen ƙasa masu zane da zankwaye, manyan duwatsu, da fadar Sarkin Damagaram da dogarawanta. Nemi guntun ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, ka sa a ɗauke ka hoto kana tallafe da ita. Ita ma tana bukatar tallafin, har ta fi hasumiyar Pisa. Haddace shekaru uku don ka burge abokan tafiya: 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, 1899 aka gwabza a Tirmini Faransawa suka ci garin, 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga nan aka kai Yamai. Ta ukun ka faɗe ta ƙasa-ƙasa, har gobe akwai waɗanda ba su huce ba. Kada kuma ka yi wasa da ruwan da aka ba ka. A garin nan an san darajarsa. In ka yi dace ranar Alhamis ce, ka leƙa kasuwa ka sayi alkaki. In Lahadi ce, ƙarasa Mirya ka sayo tulu, ka rungume shi har gida, domin in ka ba karen mota ya ɗaure a sama, katanga za ka sauke.

Mai son a ce ya fita ƙasar waje, sai ya juya kudu ta Ɗan Barto, ya tsallaka Kwangwalam ya shiga Daura, bayan ya tambayi labarin iyaka. Can rijiyar Kusugu take, inda aka ce maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare shi. A Rum akwai wani marmaro mai suna Tirebi da baƙi ke jefa wa tsabar kuɗi, ana kwashe sama da yuro miliyan ɗaya a shekara. Kada ka kwaikwayi wannan a Kusugu. Guga za a ba ka ka ja ka sha, kuɗin kuwa mai kula da wurin yana da hannu.

Da ka dawo gida sai ka yi kwana biyu kana ƙorafin gajiya. Duk wanda ya zo sannu da zuwa, ka tsare shi da hotuna har sai ya tuna yana da uzuri. Fura ma kada ka sha ta haka kawai. Jujjuya ludayi, ka shinshina, ka tambayi Bafillatanar sunan saniyar. In Babarbare ne kai, ka shirya jin amsa.

Wanda kuma ko kuɗin Dungu bai samu ba, kasuwar Matamaye ranar Juma'a take ci, lokacin ɗari rake har bakin tasha yake zuwa. Ka zo da malafarka, kuma don Allah ka kwashe tuƙarka in ka gama.